Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya

Tsohuwar ta mutu ran Laraba, ana ruwa.
Shekara bakwai tana tari a kan cinyata,
fankarta na gurnani kamar injin markaɗe
da zarar na ɗora mata hoton minti biyar.
Nakan kai ta tagar kicin ta sha iska,
in shimfiɗa mata ledar wake mai ƙanƙara,
in ce, daure, 'yar gari, saura ƙiris.
Ba ta daure ba.

Wata goma sha ɗaya ina tara kuɗin magajiyarta.
Aikin dare a gidan tsofaffi na Roundhay:
juya Mista Pickering hagu ƙarfe biyu,
juya shi dama ƙarfe huɗu,
fam a kan fam, mai cika rumbu da cokali.
Uwani ta ce a waya, "Dubu da ɗari huɗu?
Ke! A Funtuwa wannan ai fili ne."
Na ce, ni ma filin zan saya,
inci goma sha shida, ba rigimar iyaka.

Yaron shagon mai jan gashi ya yi ta zubo lissafi,
ƙwaƙwalwa kaza, ma'ajiya kaza.
Na ce, tambayata ɗaya: tana zazzaɓi?
A bas ɗin Harehills na ba kwalin kujerar taga,
ni na raɓe a gefe,
har wata dattijuwa ta leƙo ta ce, kyanwa ce a ciki?

Na ɓare leda. Ƙamshin sabon abu.
Na zuba mata Baba Ilu gaba ɗayansa,
yammaci uku na bazarar bara,
shagon askinsa, madubi mai tsaga a kusurwa,
rediyon da ba ya kama komai sai ƙwallo,
shekara talatin da barin Damagaram.
An rufe shagon a Janairu. Yanzu waya ake gyarawa a wurin.
Duk sanda Tasalla ta tare ni a bakin masallaci,
"Ina fim ɗin Babanmu?"
sai in ce, wallahi kwamfuta ce.
Da gaskiyata, rabi.

Abin da tsohuwar ke kwana tana naƙuda,
wannan ta haife shi kafin butar shayi ta tafasa.
Na tsaya da kofi a hannu, ba abin jira.
Ba gurnani. Na sa tafi a ƙarƙashinta,
sanyi ƙalau, kamar tiren asibiti.
Ashe duk hunturun nan
da wancan zazzaɓin nake ɗumama yatsuna.

To, ga ni ga aikin.
Masu gasa sun ce minti goma, ko ɗigo kar ya ɗaru.
Nawa goma ne da daƙiƙa arba'in da ɗaya,
kuma na san inda suke.
Muryata ce daga bayan kyamara:
"Baba, yaushe za a koma gida?"
Almakashi ya tsaya a sama.
Ya dubi madubi, ba ni ba, ba yaron da ke kujera ba.
Motar shara ta wuce. Wani ya ci ƙwallo a rediyo.
Sannan ya kaɗe wuyan yaron da tawul,
ya ce, "Na gaba."

Sau tara na ɗora wuƙa a kan shirun nan.
Ita ba ta gardama, na'urar.
Ka ce yanke, ta yanke. Ka ce mayar, ta mayar.
Ba ta daskarewa ta ba ka dalilin tashi.

Ƙarfe uku saura na koma farkon fim ɗin,
inda nake bayani da muryar masu karatu
kan ƙaura da kewa da ma'anar gida.
Minti guda cur ina zuba.
Na ja layi a kaina, na danna.

Tara da arba'in da ɗaya.
Na tura wa Tasalla, na ɗauki rigar aiki na goge.
Gobe akwai mai jiran a juya shi.